Jaka, Ƙunshi da Hatimi: Inda Ibraniyawan Dauri Suke Ajiye Amana

Tufafin da Ibraniyawan dauri suke sawa ba su da aljihu. Namiji yana da taguwar ciki wadda yake ɗaurewa da ɗamara, da babban mayafi na ulu da yake yafawa da rana ya kuma lulluɓa da shi da dare, mace ma haka, da ɗan bambancin tsawo da ado. Saboda haka duk abin da mutum zai fita da shi daga gida, ko gurasa ce ko azurfa ko irin shuka, dole ya nema masa mazauni, ko dai ya ƙulle shi a gefen mayafi, ko ya cusa a naɗin ɗamara, ko ya zuba a jaka ya rataya. Littafin Fitowa ya ce daren da Isra'ilawa suka bar Masar sun naɗe akusan kwaɓin gurasarsu cikin mayafai suka saɓa a kafaɗa, Littafin Rut kuma ya nuna Bo'aza yana zuba mata sha'ir awo shida a cikin gyalenta. Jaka ta farko ke nan, tufa da ƙulli.

Wanda ya bi wuraren da Attaura da littattafan annabawa da Linjila suka ambaci jaka zai lura cewa ba safai suke damuwa da ɗinkinta ko launinta ba. Kusan duk inda ta fito ana cikin maganar ciniki ne, ko ajiya, ko lada, ko zargin sata. Dalilin a fili yake. Gona kowa yana ganin iyakarta, garke maƙwabta sun san yawansa, amma abin da ke cikin jaka mai ita kaɗai ya sani, kuma a ƙasar da ta yi ƙarnuka babu banki, babu takardar kuɗi, babu ma tsabar kuɗi, zaman lafiyar kasuwa ya rataya ne a kan abin da mutum ya sa a inda ido ba ya kaiwa. A ganina wannan ne ya sa shari'a da wa'azi suka tsaya a kan ɗan wannan abu fiye da yadda girmansa ya isa.

Jakunkunan iri-iri ne. Akwai buhu mai kaushi da ake saƙawa da gashin awaki don ɗaukar hatsi a bayan jaki, wanda shi ne kuma yadin da mai makoki yake ɗaurawa a ƙugu, kamar yadda Annabi Yakubu ya yi da aka kawo masa rigar ɗansa da jini. Akwai salkar fatar akuya ta ruwa da madara, irin wadda Hajara ta ɗauka zuwa jejin Biyer-sheba. Akwai burgamin guzuri na makiyayi da matafiyi, akwai kuma ƙananan jakunkunan ado na matan attajiran Urushalima, waɗanda Annabi Ishaya ya lissafa tare da zobba da mayafai cikin kayan da ya ce za a kwashe. Amma guda biyu ne suka fi ɗaukar nauyin maganar, wato 'yar jakar ɗan kasuwa da ake kira kis da Ibraniyanci, da ƙunshin azurfa da ake kira tseror.

Ba za a fahimci waɗannan biyun ba sai an tuna cewa a mafi yawan zamanin da Tsohon Alkawari yake ba da labarinsa, kuɗi aunawa ake yi. Tsabar kuɗi mai tambarin hukuma ta fara bayyana ne a ƙasar Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin Miladiyya, ba ta kuwa fara yawo sosai a Yahudiya ba sai ƙarƙashin mulkin Farisa, a ƙarni na 4, lokacin da aka buga ƙananan sulallan azurfa masu ɗauke da sunan lardin, Yehud. Kafin nan da gutsattsarin azurfa ake biya, irin su karyayyen ɗan kunne, yankin munduwa, ko curin da aka narkar aka sassara. Shi ya sa Littafin Farawa ya ce Annabi Ibrahim ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa, bisa ma'aunin da fatake suka yarda da shi, ya sayi kogon Makfela don binne Saratu. Ƙarnuka da yawa bayan haka, sa'ad da sojojin Babila suke kewaye da Urushalima, Annabi Irmiya ya sayi gonar ɗan baffansa a Anatot, ya auna shekel 17 a kan sikeli a gaban shaidu, aka rubuta takarda aka buga mata hatimi aka sa a tulu don ta daɗe. Shekel a lokacin sunan nauyi ne, giram 11 da ɗoriya.

Mai aunawa yana bukatar duwatsun awo, kuma masu tonon kayan tarihi sun samo ɗaruruwansu a Urushalima da Lakish da sauran garuruwan masarautar Yahuza, yawancinsu na ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya. 'Yan dunƙulallun duwatsu ne masu kan tulluwa da shimfiɗaɗɗen gindi, an sassaƙa musu alamar shekel da lamba irin ta marubutan Masar. Akwai na shekel 1, 2, 4 da 8, akwai beka wanda yake rabin shekel, akwai fim wanda yake kusan kashi biyu cikin uku. Ɗan kasuwa yana zuba su a 'yar jakarsa ya soke ta a ɗamara tare da ƙaramin sikeli. In ciniki ya faɗa, shi ne zai sa hannu ya zaro dutse, abokin cinikin kuwa, wanda sau da yawa manomi ne da bai iya karatu ba, sai dai ya zuba ido.

Nan ne dokar da ke sura ta 25 ta Maimaitawar Shari'a ta shigo, kuma yadda aka tsara ta abin lura ne ƙwarai. Ba ta tsaya ga hana awo da dutsen ƙarya ba, ta hana mutum ya ajiye duwatsu iri biyu, babba da ƙarami, a cikin jakarsa, ta kuma hana shi ajiye mudu iri biyu a gidansa. Laifin ya tabbata tun kafin a kai ga sikeli. Ba wanda zai iya kama ɗan kasuwa a daidai lokacin da yatsunsa suke zaɓar dutse a cikin duhun jaka, saboda haka dokar ta bi abin zuwa tushensa, ta hana mallakarsa. Dabarar maha'intan kuwa Annabi Amos ya tona ta a ƙarni na 8, inda ya kwatanta masu sayar da hatsi da suka ƙosa hutun sabon wata da na Asabar su wuce su buɗe rumbu, suna rage mudu suna ƙara wa shekel nauyi. Ma'ana talaka yana cutuwa sau biyu a ciniki ɗaya: hatsin da aka auna masa ya gaza, azurfar da aka karɓa daga hannunsa kuma ta zarce, domin dutsen da aka ɗora a ɗaya ɓangaren sikelin ya fi nauyin da aka faɗa. Annabi Mika ya kawo maganar a matsayin tambaya daga Ubangiji, ko zai wanke mutumin da yake da sikelin mugunta da jakar duwatsun yaudara.

Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne ma'aunin kansa ba guda ɗaya ba ne. Nassi ya ambaci shekel na Wuri Mai Tsarki, ya ambaci dutsen sarki wanda da shi aka auna gashin Absalom ɗan Annabi Dawuda, ya ambaci na fatake. Mutumin kirki ma yana iya samun kansa da duwatsun garuruwa dabam-dabam, ga shi kuma dutse yana gogewa da yawan aiki ya rage nauyi, ko ya tara dauɗa da maiƙo ya ƙara. Wannan ne ya sa malaman Yahudawa na baya, a cikin Mishna, kundin hukunce-hukuncen da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, suka wajabta wa mai kanti ya goge mudunsa sau biyu a mako, duwatsunsa sau ɗaya a mako, sikelinsa kuwa a kowane awo. Littafin Karin Magana ya ɗaga maganar sama da ikon sarki, ya ce sikelin gaskiya na Ubangiji ne, dukan duwatsun da ke cikin jaka aikinsa ne. Musulmin da ya san farkon Suratul Muɗaffifina da kiran Annabi Shu'aibu ga mutanen Madyana ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin cuta ɗaya ake yi wa magani, wato cika awo in za a karɓa, tauyewa in za a bayar.

Auna azurfa gutsure-gutsure a kowane ciniki aiki ne mai cin lokaci, ga kuma gardama kan ko an gauraya ta da jan ƙarfe. Mafitar da aka samo ita ce ƙunshi. A auna azurfar sau ɗaya a gaban wanda aka yarda da shi, a zuba a ƙyallen lilin, a tattaro bakin a ɗaure da zare, a manna ɗanyen yumɓu a kan ƙullin, a danna hatimi. Da yumɓun ya bushe ba mai iya buɗe ƙunshin sai ya fasa shi, kuma muddin hatimin yana nan lafiya ana iya miƙa ƙunshin daga hannu zuwa hannu ba tare da an koma ga sikeli ba. An ga wannan da ido a Dor, tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Rum kudu da Dutsen Karmel, inda aka tono wani tulu da aka binne kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ɗauke da azurfa kusan kilo 8 da rabi, an raba ta ƙunshi 17, ga ragowar lilin da yumɓun hatimi tare da ita. Dor garin 'yan gaɓar teku ne, amma al'adar ta game yankin gaba ɗaya, ita ce kuma take bayan ayoyi da yawa.

Dattawan ƙasar Hausa da suka san lokacin da jaka guda take nufin fam 100, daga baya naira 200, sun riga sun san yadda abin yake: in adadin da ke ciki ya tsaya, jakar da kanta takan zama abin ƙirga. Da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya warke daga kuturta, Annabi Elisha ya ƙi karɓar kyautarsa, amma baransa Gehazi ya bi mutumin a guje ya yi ƙaryar cewa baƙi biyu sun sauka, ya roƙi talanti ɗaya na azurfa. Na'aman ya ɗaure masa talanti 2 a jaka biyu. Talanti ɗaya shekel 3,000 ne, wajen kilo 34, shi ya sa labarin ya ce sai da aka ɗora wa barori biyu suka wuce gaba da su. Gehazi ya karɓe kayan kafin a iso gida ya ɓoye a ɗaki, ya shiga ya tsaya gaban maigidansa ya ce bai je ko'ina ba, ya kuwa fita daga gabansa da kuturtar Na'aman a jikinsa.

Labarin gyaran Haikali, babban ɗakin ibada na Urushalima, a zamanin Sarki Yowash, a ƙarni na 9 kafin Miladiyya, ya nuna ɗaya fuskar. Har shekara ta 23 ta sarautarsa firistoci suna karɓar kuɗin jama'a amma tsagar bango tana nan ba a gyara ba. Sai Yehoyada babban firist ya ɗauki akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade, masu tsaron ƙofa suna zuba abin da aka kawo. In azurfar ta taru, mutum biyu ne suke zuwa tare, magatakardan sarki da babban firist, su lissafa su ɗaure a jakunkuna, sannan a miƙa wa masu lura da aiki su biya kafintoci da magina da masu sassaƙar dutse. Fada ba ta buɗe akwatin ita kaɗai, Haikali ma haka. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen labarin, inda aka ce ba a neman lissafi daga masu lura da aikin domin sun riƙe amana. An tsananta tsaro a inda aka taɓa ganin ɓaraka, aka kuma bar waɗanda gaskiyarsu ta tabbata su yi aikinsu.

Babu labarin da jaka ta yi aiki a cikinsa kamar na Annabi Yusuf da 'yan'uwansa. Da suka zo sayen hatsi a Masar ya sa aka cika buhunansu aka mayar wa kowa azurfarsa a bakin buhu. Ɗayansu ya buɗe nasa a zango don ya ba jakinsa abinci, ya ga kuɗin, sai gabansu ya faɗi. Da suka isa gida suka zazzage, kowa ya tarar da ƙunshinsa, tsoro ya kama su har da mahaifinsu. Mai karatu na yau yana iya mamakin mutanen da suka ga kuɗinsu suka firgita, amma a wancan tsari abin da aka samu a jakar mutum shaida ce a kansa, ko ya san yadda aka yi ya shiga ko bai sani ba. Da suka koma, tun daga bakin ƙofa suka shiga yi wa wakilin gidan bayani, suna jaddada cewa ga azurfar nan sun dawo da ita da cikakken nauyinta. A karo na biyu aka sa ƙoƙon azurfa a buhun ƙaninsu Biliyaminu, aka bi su, aka bincika daga babba zuwa ƙarami. Alƙur'ani ma, a Suratu Yusuf, ya kawo mayar da hajarsu cikin kayansu, da sa ma'aunin sarki a kayan ƙanin, da fara binciken jakunkunan sauran kafin tasa, ko da yake a can 'yan'uwan sun ɗauki dawowar hajar a matsayin alheri, har suka kafa hujja da ita wajen roƙon mahaifinsu ya bar yaron ya bi su. Mutanen da Littafin Farawa ya ce sun taɓa sayar da ɗan'uwansu a kan azurfa 20, da buhu aka jarraba su, a ga ko za su sake barin wani a hannun baƙi su tafi gida da hatsi.

Littafin Tobit, wanda Katolika da Otodoks suke karantawa cikin Littafi Mai Tsarki, ya ba da labarin wani Ba'isra'ile da aka kwashe zuwa Nineba, wanda ya ba danginsa ajiyar talanti 10 na azurfa a garin Rages na ƙasar Mediya. Bayan shekaru masu yawa aka je karɓa, sai mai ajiyar ya fito da jakunkunan hatimansu na nan ba a taɓa ba. Malaman Mishna sun mai da irin wannan al'ada hukunci filla-filla. Wanda ya kai wa ɗan canji ajiyar kuɗi a ɗaure, ɗan canjin ba shi da izinin juya su, don haka in sun ɓata ba da sakacinsa ba, ba zai biya ba. In kuwa a kwance aka kawo su, yana iya aiki da su, alhakinsu kuma yana wuyansa. Ƙulli ɗaya na zare ne ya raba ajiya da abin da ya yi kama da rance. Haka ma hukuncin tsintuwa. Kuɗin da aka samu a warwatse a hanya na wanda ya tsinta ne, domin ba su da alama kuma mai su ya riga ya fid da rai, amma kuɗi a cikin jaka, kai ko da jakar wofi ce, dole a yi shelar tsintuwarta, domin mai ita zai iya faɗin kamanninta.

Burgamin makiyayi ya fi kowace jaka suna, albarkacin Annabi Dawuda, wanda a kwarin Ila ya tuɓe sulken Sarki Saul domin bai saba da shi ba, ya zaɓi duwatsu biyar masu sulɓi daga rafi ya zuba a jakarsa, ya ɗauki sanda da majajjawa ya tunkari Goliyat, wato Jaluta. Wannan jaka da wannan majajjawa su ne Abigel ta ɗauko ta yi magana da su ranar da ta tare shi a hanya. Mijinta Nabal, attajiri mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, ya wulaƙanta 'yan aiken Dawuda, shi kuwa ya ɗaura takobi da mutum 400 zai je ya shafe gidan. Abigel ta ɗora abinci a kan jakuna ta tarye shi, ta roƙe shi kada ya ɗauki fansa da hannunsa, ta ce masa ransa zai kasance a ɗaure cikin ƙunshin masu rai a wurin Ubangiji, rayukan maƙiyansa kuwa za a wurga su kamar daga majajjawa. Hikimarta ita ce ta yi wa makiyayi magana da kayan aikinsa, domin ya san dutsen da ake adanawa a jaka, ya san wanda ake jefarwa. Wasu masana suna danganta maganar da yadda ake lissafin dabbobi da tsakuwa, kowace dabba da tata. A Nuzi, kusa da Kirkuk a Iraƙi ta yau, an sami wani ƙwanson yumɓu mai rami, a jikinsa an rubuta yawan tumaki da awakin da aka damƙa wa wani makiyayi, a cikinsa kuma tsakuwoyi kusan 50 daidai da lissafin. In haka ne, kasancewa cikin ƙunshin yana nufin mai garken ya ƙirga ka, zai kuma neme ka in ka ɓace. Har yau Yahudawa suna sassaƙa haruffa biyar a ƙasan dutsen kabari, taƙaitawar addu'ar cewa ran mamacin ya kasance a ɗaure cikin ƙunshin rai, kuma daga bakin matar nan addu'ar ta samo asali.

Annabi Haggai ya juya hoton. A shekara ta 520 kafin Miladiyya, shekara ta biyu ta Sarki Dariyus, waɗanda suka dawo daga bautar Babila sun kusa shekara ashirin a Urushalima, sun gina gidajensu sun ƙawata su, Haikali kuwa yana kango. Ya ce musu sun shuka da yawa sun girbe kaɗan, suna ci ba sa ƙoshi, suna sa tufa ba sa jin ɗumi, ɗan ƙodago kuma yana zuba ladansa a hujajjiyar jaka. Tunda ladan ƙananan gutsattsarin azurfa ne, ɗan rami kaɗan ya isa, mai jakar kuma ba zai ji faɗuwarsu ba sai ya isa gida ya kwance. Da wuya a sami jimlar da ta fi wannan kama halin wanda yake aiki ba hutawa amma fari da ƙarancin hatsi suna cinye abin da ya samu, shi kuwa annabin ya ɗora alhakin a kan fifita gidan kai bisa gidan Allah.

A zamanin Linjila tsabar kuɗi ta riga ta cika kasuwa, matafiyi kuma yana ɗauke da abu biyu, kuɗi a naɗin ɗamara ko a alabe, guzuri a burgami. Su ne Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya hana almajiransa ɗauka da ya aike su wa'azi garuruwa: ba gurasa, ba burgami, ba kuɗi a ɗamara, a ruwayar Markus sanda da takalmi kaɗai. Wanda ba shi da jaka ba ya iya tara abin da aka ba shi ya wuce da shi gaba, dole ya ci abin da gidan da ya sauke shi ya bayar, ba kuma wanda zai zarge shi da mai da wa'azi sana'a. Sai dai Luka ya ruwaito cewa a daren ƙarshe Yesu ya tambaye su ko sun rasa wani abu a wancan aike, suka ce babu, sai ya ce yanzu mai alabe ya ɗauka, mai burgami ma haka. Umarnin farko ya dogara ne ga ƙofofin da suke buɗe, kwanakin da ke tafe kuwa na ƙiyayya ne. Ƙungiyar kanta tana da asusu ɗaya na sayen abinci da taimakon matalauta, yana hannun Yahuza Iskariyoti, kuma Linjilar Yahaya ta ce da mutumin ya yi ƙorafin an ɓarnatar da turaren da zai kai dinari 300, kusan ladan ƙodagon shekara, ba tausayin matalauta ne ya dame shi ba, yana ɗiban abin da ake sakawa ne.

Fata da lilin ba sa jure damshi, shi ya sa jakunkunan kansu ba safai suke tsira ba sai a busassun kogunan da ke kewaye da Tekun Gishiri. A 1960 da 1961 tawagar Yigael Yadin ta tona wani kogo a kwazazzabon Nahal Heber, inda wasu Yahudawa suka ɓuya a ƙarshen tawayen da Bar Kokba ya fara yi wa Romawa a shekara ta 132. A cikin wata salkar fatar akuya, tare da ulu da kayan kwalliyar wata mace, aka sami damin wasiƙun shugaban tawayen. A wani lungu kuma aka sami jakar fata ta wata mata mai suna Babata, ɗauke da takardu 35 da aka rubuta da Girkanci da Aramiyanci da Nabatiyanci, a ɗaure dami-dami: takardar aurenta, shaidar mallakar gonakin dabinonta, bashin da ta ba mijinta na biyu, da shari'ar da ta yi da masu riƙon ɗanta maraya kan kuɗin ciyar da shi. Mace ce da ta gudu daga yaƙi ta ɗauki abin da za ta kafa hujja da shi a gaban alƙali in ta dawo, domin haƙƙinta da na ɗanta a rubuce suke.

Malaman Yahudawa sun gane cewa jaka tana manne da zuciyar mai ita, suka yi hukunci da sanin haka. Talmud, babban kundin sharhin malamansu a kan Mishna, ya ruwaito daga Rabbi Ilai cewa da abu uku ake gane mutum, ƙoƙon shansa da jakarsa da fushinsa. Hukuncin da ya fi nuna sanin halin ɗan Adam shi ne na matafiyin da rana ta faɗi masa a hanya ranar Juma'a, Asabar ta shiga, ɗaukar kaya ya haramta, ga jakar kuɗi a jikinsa. Ba a ce ya yar da ita ba, domin malaman sun faɗa a fili cewa mutum ba ya iya danne zuciyarsa a kan dukiyarsa, in aka ƙuntata masa zai karya dokar gaba ɗaya ya ɗauki jakar da kansa. Aka ce ya miƙa wa abokin tafiyar da ba Bayahude ba ya riƙe masa, in kuwa babu, ya ɗora a kan jaki. Da ya isa farfajiyar farko ta gari sai ya sauke kayan da aka halatta taɓawa ranar Asabar, sauran kuwa ya kwance igiya buhunan su faɗo da kansu.